Wanke-wanke a Gindin Tirela

Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Karin maganar nan ta zauna a bakin kowa har ba a tsayawa a duba abin da take cewa, alhali kuwa in aka lura za a ga ta faɗi dalilin da ya sa mutum ke yin abin kirki, kuma ta faɗe shi ba kunya, watau mutum na gyara abu ne saboda zai sake bukatarsa. Ka kyautata wa wanda ya ba ka yau, don ka san za ka koma gobe. Ban ce wannan ƙarya ne ba. Abin da nake so mu bincika da mai karatu shi ne inda wannan dalili ya tsaya, kuma ban ga wurin gwada shi da ya fi gindin tirela ba, inda direba da yaransa ke girki yau a Ogere, jibi a Makwa, citta a Mararrabar Jos.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu san abin da ya sa suke girkin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma shekara da shekaru shi ne ke ɗaukar gyaɗa da auduga da fata zuwa bakin teku. Da harkar jirgin ta yi rauni sai kaya suka koma kan titi, suka zama nauyin tirela da tanka. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar kusan kilomita dubu ce, ta Badun da Ilori da gadar Jabba, kuma motar da ta sha lodi ba a kwana ɗaya take cinye ta ba. Amma jira ya fi tuƙin cin lokaci. Kafin hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fito da tsarin kiran motoci ta waya a watan Fabrairu na 2021, direba kan yi mako guda ko biyu a layin Apapa bai ga ƙofar shiga ba. Haka ake zaman jiran lodin siminti a Obajana, haka ake zaman jiran bakanike in mota ta lalace a dokar daji. To, mutum uku ne a mota, kowa da cikinsa sau uku a rana, ga kuɗin hanyar da mai mota ya bayar a ƙididdige suke. In aka ce kullum sai an sayi abinci a wurin masu sayarwa, kafin a yi lodi aljihu ya bushe. Saboda haka ne za ka ga akwatin ƙarfe a gefen tirela, cikinsa da risho ko kurfoti ko ƙaramar tukunyar gas, da tukunya ɗaya ko biyu, da shinkafa da wake da taliya, da manja da gishiri da yaji.

Girki ba ya rasa mataimaka. Yunwa na tura kowa, wannan ya yanka albasa, wancan ya fifita wuta, har direban motar da ke kusa ya leƙo ya ce a ƙara attaruhu. Da an ci an side hannu sai jiki ya mutu, kowa ya nemi inuwa. A nan ne wanke-wanke ke zama maraya.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin irin na gida ne, inda ga randa ga magudana. Duk ruwan da ke motar bai wuce jarka ɗaya ko biyu masu cin lita 25 ba, kuma a cikinsa ne za a sha, a dafa, a yi alwala, a rage wanda za a zuba wa lagireto in mota ta yi zafi. Malaman fiƙihu sun yarda matafiyi ya yi taimama in yana tsoron ƙishirwa, ya bar ruwan don sha. Ashe ke nan in alwala ma tana iya hakura da ruwa a wani hali, tukunya ba ta da bakin magana. Yaran mota sun san dabarunsu. Da an kwashe abinci, tun tukunyar na da zafi, sai a zuba mata ruwa kofi guda a rufe, ƙanzo ya jiƙa. Maiƙon manja a fara share shi da takarda ko guntun kwali. Sannan a ɗebi toka ko yashi a cuɗa. Tokar nan ba ƙauyanci ba ne, domin in ta haɗu da ruwa da maiƙo aikin sabulu take yi, kuma da ruwan toka iyayenmu mata ke haɗa sabulun salo tun kafin a san omo. Wanda ya ƙware zai fitar da tukunya da kwano uku da ludayi tas da ruwan da bai cika buta biyu ba.

Kuma in bai wanke ba, shi zai ji a jikinsa. Shinkafar da ta kwana cikin zafin akwatin ƙarfe wurin hayayyafar wata ƙwayar cuta ce da masana ke kira basilas siriyas, wadda dafuwa ba ta kashe ƙwanta, kuma dafin da take zubarwa ko an ɗumama abincin ba ya mutuwa. Direban da cikinsa ya ɓaci yana riƙe da sitiyarin mota mai tan talatin hatsari ne ga duk wanda ke kan titi. Ragowar abinci na kiran kyankyaso da ɓera, ɓera kuwa ya ci wayar mota, ya yi fitsari a kwano. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake shiga abincin mutane. Duk wannan direba ya san shi ko da bai san sunayensa ba, shi ya sa tukunyar mota takan fi ta wasu gidajen ƙyalli.

Har zuwa nan karin maganarmu ta yi gaskiya. Tukunya na da gobe, saboda haka ana wanke ta. Amma bari mu tsaya mu kalli wurin bayan motar ta tashi. Ga ruwan wanke-wanke ya kwanta da jan maiƙo a samansa. Ga ɓawon albasa da ledar taliya da ta fiya wata. Ga toka, wani lokaci da sauran garwashi a cikinta. Tukunya ta bi mota, waɗannan sun zauna. Dauɗar da aka cire daga jikin tukunya ba ɓacewa ta yi ba, wuri ta sauya, daga abin da ke na direba zuwa abin da ba nasa ba. Mu da ke zaune a gari mukan manta da haka, domin magudana na ɗauke mana ruwan ta kai shi inda ido ba ya gani. A gindin tirela babu wannan rufin asiri. To, in don gobe ake wanke tukunya, don me za a share ƙasar da ba za a ci tuwon gobe a kanta ba?

Tambayar tsohuwa ce. A littafinsa na Jamhuriya, Aflaton ya sa Gilokon ya kawo labarin wani makiyayi mai suna Gaijis a ƙasar Lidiya, wanda ya tsinci zobe, in ya juya kansa ciki sai ya ɓace wa idon mutane. Mu layar zana za mu kira shi. Da makiyayin ya gane abin da ya samu sai ya shiga fada, ya kashe sarki, ya hau gadon mulki. Abin da Gilokon ke nufi shi ne, in ka ba mai adalci irin wannan zobe, shi ma haka zai yi, domin tsoron ido ne kawai ke riƙe da mutane. A ganina titi layar zana ce da ake ba kowane matafiyi kyauta. Ba wanda ya san sunanka, ba wanda ya san gidanku, kafin a ga abin da ka bari ka wuce gari uku. Ba sai an kai ga kashe sarki ba. A irin waɗannan ƙananan abubuwa ne, waɗanda ba a ɗaure kowa a kansu ba a kuma yaba wa kowa, ake gane ko Gilokon ya faɗi gaskiya.

Direba yana da hanzarinsa, kuma ba adalci ba ne a yanke masa hukunci ba a saurare shi ba. Zai ce maka ya tarar da wurin da datti, nasa ɗigo ne a cikin kogi. Zai ce ya biya kuɗin tsayawa, an yanka masa tikiti, amma bai ga kwandon shara ba bai ga famfo ba. Zai ce tun asuba yake fama da ramuka da shingayen masu karɓar na goro, yanzu kuma a ce ya zama duba-gari? Hanzari na biyu yana da ƙarfi, zan komo kansa. Na farko ne ban karɓa ba, domin shi ne abin da wanda ya riga shi ya faɗa, shi ne kuma wanda zai biyo shi zai faɗa, kuma daga irin wannan ɗigon ne kogin ya taru.

Wani masani Ba'amurke, Garet Hadin, ya rubuta maƙala a mujallar Science a 1968 a kan wannan hali. Misalinsa makiyaya ce ta kowa da kowa: kowane mai shanu riba yake gani in ya ƙara saniya ɗaya, asarar kuwa a raba ta ga jama'a, har ciyawa ta ƙare. Shi a ganinsa mafita ita ce a mallaka wa wani wurin, ko a sa doka mai tilasta wa kowa. Sai Elino Ostirom, mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna a littafinta na 1990 cewa akwai makiyayu a tsaunukan Suwizalan da hanyoyin ban-ruwa a Sifen da jama'a suka riƙe ɗaruruwan shekaru ba su lalace ba. Sharaɗin shi ne masu amfani da wurin su san juna, su ne suka sa wa kansu ƙa'ida, kuma akwai mai sa ido da horo daidai laifi. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, ganin kakanninsa fatake ne. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro watanni yake yi a hanya, da madugu da jagaba da uban dawaki, yana sauka a zangon da ya sauka bara, kuma a nan zai sauka baɗi. Sunan madugu na riga shi isa. Ayarin da ya ɓata zango ya ɓata wa kansa masauki.

A nan wani zai ce, to ai ka dawo mana da tuwon gobe. Direba ma a hanya ɗaya yake kai da kawowa, Tafan da ya bari yau zai sake kwana a cikinta kafin wata ya ƙare. Haka ne, kuma ina ganin in ƙungiyoyin direbobi suka ga dama za su iya mai da manyan wuraren tsayawa zanguna irin na Ostirom, tun da suna da shugabanni suna da hanyar cin tara. Amma wannan bai warware tambayar ba, ya dai rage mata faɗi. Akwai wurin da mota ta lalace sau ɗaya a bakin wani ƙauye tsakanin Tegina da Birnin Gwari, aka kwana uku ana girki, kuma har abada ba za a sake tsayawa a nan ba. Can babu ƙungiya, babu gobe.

Abin da na gani shi ne, kuskuren yana cikin cewa wurin ba na kowa ba ne. Duk ƙasar da tirela ta tsaya a kanta tana da mutanenta. Akwai mai faci da ke durƙusawa a nan, da bakaniken da zai kwanta rigingine ƙarƙashin motar da za ta zo, bayansa a kan manjan da ka zubar. Akwai yarinya mai tallar gyaɗa da ke tafe ba takalmi, ga garwashi lulluɓe da toka. Akwai akuyar mutanen ƙauye da za ta haɗiye leda ta kumbura. Akwai ɗan'uwanka direba da zai iso da azahar, inuwar motarsa ce ɗakinsa da masallacinsa, zai nemi inda zai shimfiɗa tabarma ya sa goshi. In kuwa tankar fetur ce ta zo ta tsaya, maganar ta wuce ƙazanta, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana neman wuta. Waɗannan mutane ba su san ka ba, ba za su rama maka alheri ba, ba za su kai ƙararka ba. Rashin sanin fuskarsu bai rage komai daga haƙƙinsu ba, ya dai sa tauye shi ya yi sauƙi. Musulunci ya daɗe da kallon hanya ta wannan fuska. A cikin Sahihu Muslim an lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, aka ce shi ne mafi ƙanƙanta, kuma an yi kashedi mai tsanani ga wanda ke biyan bukatarsa a hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa. Abin lura shi ne ba a ce hanyar garinku ko inuwar da za ka koma ba. Mai addini zai ce ai nan ma akwai gobe, gobe kiyama, kuma ba na musu. Sai dai wannan goben ta sha bamban da ta tuwo, domin ba ta bar wa matafiyi wani lungu da layar zana za ta yi aiki ba.

(Mu ɗalibai kada mu yi saurin jinjina kai. Ɗakin kwanan makaranta ma zango ne na shekara huɗu, kuma duk wanda ya taɓa leƙa bayan tagogi a makon da aka gama jarrabawa ya san yadda masu karanta falsafa ke barin wurin da ba za su dawo ba.)

Akwai masu ganin ci gaba zai kashe wannan magana, suna misali da Amurka. Direban babbar mota a can yawanci shi kaɗai ne, ba yaron mota. Doka ta ba shi awa 11 na tuƙi cikin awa 14 na aiki, sannan dole ya huta awa 10, kuma hutun a ɗan ɗakin da ke bayan kujerarsa yake yi, da gado da ƙaramin firij da na'urar ɗumama abinci. Amma galibin motocin ba su da wurin wanke kwano, saboda haka da yawa kan ci a farantin takarda da cokalin roba, su goge tukunya da jiƙaƙƙiyar takarda, su ƙulle duka a leda su jefa a kwandon tashar manyan motoci. Wurin ya tsabtata, ba shakka, kuma ya fi namu kyan gani. Sai dai dauɗar nan ma wuri ta sauya, an biya wani ya kai ta juji mai nisa. Da irin wannan roba ta cika magudanan Ikko har gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da farar robar zuba abinci a watan Janairu na 2024. In muka kwaikwayi farantin yarwa ba mu kwaikwayi mai kwashe kwandon ba, gara tokar yaron mota sau goma.

Yaron motar nan kuwa, shi ne rabin tambayar da muka bari a baya. Duk inda na ce direba ya wanke, mai karatu ya san ba hannun direba ne ke shiga tukunya ba. Ƙaramin cikin yaran ne, wanda wasu ke kira karen mota, sunan da shi kansa ya isa a rubuta masa maƙala. Shi ne na ƙarshen ci, shi ne na farkon tashi. Oga ya ce, "Kai, kwashe kayan nan mu wuce," ya tayar da mota, yaro na cuɗa tukunya yana jin injin na kira. Wa zai tsaya binne toka a wannan hali? Saboda haka yawancin abin da ake bari a ƙasa ba lalacin yaro ba ne, gaggawar ubangidansa ce.

Tsofaffin direbobi na cewa wanke-wanke makaranta ce, wanda bai iya kula da tukunya ba ba za a ba shi amanar birki ba. Na yarda da wannan fiye da yadda wasu abokaina masu ra'ayin 'yan ƙwadago za su so. Sana'o'inmu duka haka ake koyonsu, ɗan maƙeri da zuga yake farawa, almajiri da ɗebo itace. Amma ciniki ne mai fuska biyu. Yaro ya ba da ƙarfinsa, ubangida ya ba shi sitiyari a fili, ya koya masa ribas da tirela, ya tsaya masa har ya sami lasisi. In shekara biyar ta wuce yaro na wanke tukunya bai taɓa giya ba, wannan ba tarbiyya ba ce, bauta ce da aka sa wa rigar koyo. Kuma in da gaske makaranta ce, to abin da ake koya masa ya haɗa da abin da ya ga an bari. Yaron da aka zaga don ya bar maiƙo a murfin tukunya, amma ba a ce masa uffan ba da ya watsa ruwan a inda mutane ke salla, ya ɗauki darasinsa sarai: abin oga shi ne abin tsoro, abin jama'a ko oho. Ran da ya zama direba da wannan karatun zai hau titi, kuma da shi zai yanke shawarar ko ya bar lalatacciyar mota a kan kwana da dare ba alama.

Ba direban kirki da ke tashi bai zaga motarsa ba. Zai bi tayoyi goma sha takwas ko fiye yana bugunsu da ƙarfe yana sauraro, ya duba igiyar tamfol, ya leƙa ƙasa ko mai na ɗiga. Idon da ya leƙa ƙasa neman ɗigon mai ya ga tokar, ya ga ledar. Abin da ake nema a wurinsa bai wuce minti biyar ba: ya ce wa yaro ya kashe garwashi da ruwan ɗauraya, ya tona ɗan rami nesa da inuwa ya zuba sauran ya rufe, ya tattara leda a buhu ya rataye a jikin bodi. Shi ke da agogo, shi ke da mabuɗi, saboda haka a wuyansa abin yake.

Saura hanzarin da na ce zan komo kansa. Buhun nan da aka rataye, ina za a sauke shi? A 1985 gwamnatin soja ta sa tsabtar muhalli cikin shirinta na Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka yi ta shara da bulala a birane, amma bulala ba ta haƙa rijiya, ba ta kuma kwashe juji. A manyan wuraren da tireloli ke kwana akwai masu karɓar kuɗi a hannun kowace mota, da sunan ƙaramar hukuma ko ƙungiya ko mai fili. Wanda ya karɓi kuɗin zango ya zama mai masauki, kuma abin da ake bin sa ba shi da yawa: gangar ƙarfe da aka yanka biyu a kowane layi, da amalanken da zai kwashe ta, da famfo ko rijiyar burtsatse da yaro zai cika jarka ba sai ya saya a hannun 'yan garuwa ba. Inda babu waɗannan, yaron da ya yi abin da ya kamata zai ɗauki buhunsa daga Ogere har Kano, ya sauke shi a bolar unguwarsu.